Kabarin Velika

Kwana biyu gawar tsohuwa Velika na kwance a ɗaki, ga zafi, ga ƙudaje sun fara taruwa, amma 'ya'yanta biyu sun rasa yadda za su binne ta.

A lokacin ƙauyenmu na Makedoniya yana hannun Turkawa, amma Girka da Bulgeriya kowacce ta rantse ƙasar tata ce. Kowacce ta turo mana limamin cocinta, ta kuma jibge 'yan bindigarta a bayan duwatsu. Mu da muke yare ɗaya, muke auren juna, sai ga igiya an ja a tsakiyar maƙabarta. Kaico!

Wasiyyar Velika ɗaya ce: a kwantar da ita kusa da mijinta. Shi kuwa kabarinsa ya faɗa ɓangaren Girkawa, alhali marigayin ko gaisuwa bai iya da Girkanci ba.

"Yaya Trayan, mu kira limamin Girkawan kawai," in ji ƙaramin, Risto.

"Kanka ɗaya kuwa? Ka manta mai niƙa? Limamin nan ya kira, 'yan Bulgeriya suka ƙone masa gida ƙurmus."

"To, mu kira na Bulgeriyan."

"Na Girka su yanka mu kamar raguna? 'Ya'yana huɗu, Risto."

Al'adarmu ce in mamaci ya shekara bakwai a tono ƙasusuwansa, a wanke da ruwan inabi, a haɗa shi da danginsa. Mijin Velika kuwa ya cika bakwai ɗin. Da hantsi Trayan ya saɓa shebur. Suka tono mahaifinsu, suka wanke shi, suka naɗe a farin ƙyalle, suka haƙa wa su biyun rami ɗaya a ƙarshen gonarsu.

Maƙwabta suka zo, amma ba wanda ya shigo. Suka jeru a bakin shinge, waɗannan gabas, waɗancan yamma, kowa da hula a hannu.

Risto ya durƙusa zai fara addu'a. Addu'ar mamaci kuwa a cocinmu iri biyu ce, kowacce da harshenta. Trayan ya damƙe masa wuyan hannu.

"Ba ta'aziyya ta kawo su ba. Jira suke su ji wacce za ka ɗauko."

"Uwarmu ce fa, Yaya."

"Na sani."

Haka suka tura ƙasa a kan matar da ta haife su, ba ko "amin". Risto yana kuka, yana cizon hannun rigarsa kada wata kalma ta suɓuce masa.

Ina cikin waɗanda suka tsaya a bakin shingen nan. Velika ce ta yanke mini cibiya, amma ni ma kunne na kasa.