Ranar da Verna Ta Faɗa Kogi

Verna Ostrander ta faɗa kogi wata Talata a farkon Yuli, wata biyar bayan rasuwarta.

Laifin injin zuƙo zinariya ne, in da za a tambayi mijinta Delbert, sai dai ba wanda ya tambaye shi. Tun suna da baƙin gashi, duk lokacin zafi sukan ja tirelarsu mai ɗakin kwana su hau duwatsun Idaho, inda ƙungiyar masu neman zinariya don nishaɗi ta yanka wa kowa fegi a kogin Tamarack. Delbert yakan sa rigar roba, ya cusa bututun iska a baki, ya kwanta rub da ciki a ƙarƙashin ruwa mai sanyin ƙanƙara, yana riƙe da bakin wani ƙaton tiyo mai zuƙar tsakuwa. Tiyon ya kai ta sama, ya amayar cikin indararon ƙarfe mai gargada da ke ɗaure a kan ganguna biyu masu iyo. Abu mai nauyi ya maƙale, sauran ya fice ta baya. Verna kuwa tana zaune a kujerarta a kan gangunan, kusa da injin, tana saƙa, tana duba mai, tana lura kada mijinta ya mutu. Zinariyar da suka tara a duk shekarun nan ba ta cika kwalbar maganin ido ba. Wannan shi ake kira nishaɗi.

Da ta rasu aka ƙona gawar kamar yadda ta yi wasiyya, aka miƙo masa ita cikin kwalin roba. Kwalin ya ba shi haushi, sai ya juye ta a gwangwanin kofi irin wanda take sha. Wurin juyewar ne ya ji wani abu ya yi ƙwal. Haƙoranta ne na zinariya, na gefen hagu, wuta ta narkar da su suka cure wuri guda kamar ƙwayar wake, da 'yar tsaga a tsakiya. Ya daɗe yana jujjuya abin a tafin hannu, sannan ya mayar.

Da lokacin tona ya kama, ya ɗora gwangwanin a kujerarta. Ba don wani imani ba. Delbert malamin tarihi ne da ya yi ritaya, ya karanta isassun littattafai ya san matattu ba sa duba mai. Kawai dai ya kasa nutsewa kujerar nan ba kowa. Injin ya yi ta kakkarwa, gwangwanin ya yi ta 'yar rawa yana matsawa bakin kujera. Yana can ƙasa sai ya ga wani farin hayaƙi ya lulluɓe shi ya wuce. Ƙananan kifayen da kan taru a bakin tiyo suka bi shi da gudu, suka ɗanɗana, suka dawo. Ya taso ya tarar da gwangwanin yana lilo a jikin dutse, ba murfi.

Kwana da kwanaki yana zuƙar feginsa daga wannan gaɓa zuwa waccan, ko karin kumallo ba ya tsayawa yi. Ya manta abin da ya fi kowa sani: an ƙera injin ne don ya zubar da duk abin da ba shi da nauyi. Duk abin da ya zuƙo na Verna, indararon ya auna, ya ga ba shi da daraja, ya tofar ta baya, ruwa ya gangara da shi fegin Merle Kuykendall.

Merle mijin Opal ne, Opal kuwa ƙanwar Verna ce, kuma nan matsalar take. Ta riga ta sa an sassaƙa dutsen kabari, ta tsayar da rana a watan Satumba da za a binne yayarta kusa da iyayensu. Ba ta taɓa yafe wa Delbert auren ba, balle kogin. Saboda haka ya cika gwangwanin da baƙin yashin indararo, ya shanya shi, ya samo wani murfin, ya ɗaure shi a kujera da igiya.

"Farfesa!" haka Opal kan ƙwala masa kira daga tsallake kowace safiya, da cokalin suyar ƙwai a hannu. "Ya Yaya ta kwana?"

"Yadda kika san ta. Ba ta ce komai ba, amma na san ni ne da laifi."

"Ka sa mata lema, rana ta yi yawa, marar tausayi!"

Ya sa mata lema.

Ranar Asabar aka ji ihu daga fegin Merle, irin na wanda maciji ya sara. Merle ya haura saba'in, ya ci injuna uku a kogin nan, bai taɓa samun abin da ya wuce ƙaiƙayi girma ba. Ga shi tsaye cikin ruwa iya ƙugu, bututun iska na reto a ƙirjinsa, yana kuka da majina. Kowa ya kashe injinsa ya sheƙo. Delbert ya zo a ƙarshe, ya leƙa ta kan kafaɗun mutane. Ƙwayar wake, da 'yar tsaga a tsakiya.

Aka kira Dakta Hollis, wanda ƙungiya ke kai wa duk wata gardama saboda shi kaɗai ke da gilashin ƙara girma. Kafin ritaya likitan haƙori ne. Delbert ya ja da baya, yana jiran a gane haƙoran. Dakta ya kanne ido ɗaya, ya juya curin, ya shinshina, ya ɗan gatsa.

"Jama'a," ya ce, "wannan ya yi shekara dubbai yana birgima a kogin nan. Ku dubi santsinsa. Hannun mutum bai taɓa taɓa shi ba."

Aka yi tafi. Nan take kuma aka yi ittifaƙi cewa uwar jijiyar zinariyar tana sama, wato a fegin Delbert, shi ya sa tsohon munafukin ya daina cin abinci yake ta tona. Kafin Litinin injuna sun yi layi a kan iyakarsa, gindi da gindi, tsofaffi masu ciwon gwiwa suna ta ture juna a ƙarƙashin ruwa. Matarsa ta bi ta tiyon kowa a ƙungiyar.

Al'adar wurin ita ce curin farko da mutum ya samu na wuyan matarsa ne. Merle ya kai shi gari aka sa masa sarƙa. Delbert ya same shi yana gasa nama a bayan tirela.

"Merle, ka ba ni shi in ba ka kwalbata. Duk abin da na tara."

"Wannan 'yar kwalbar? Ko atishawa na yi ta ƙare."

"Da injina."

"Ina da inji."

"Da fegin. Jijiyar da komai."

Merle ya ajiye cokali mai yatsu, ya dube shi da tausayi, abin da Delbert ya fi tsana a duniya. "Haba ɗan'uwa. Na san yadda kake ji. Ka so a ce kai ka samo wa Verna irinsa tana da rai. Ungo giya."

Ya gwada ta wajen Opal. Ya ce mata abin bai yi mata kyau ba, yana fito da tamojin wuyanta. Ta ce hassada ce za ta kashe shi, kuma za ta zo jana'izar da shi a wuya. Daga ranar, duk inda suka zauna idonsa na kan ƙirjinta, har Merle ya ja shi gefe ya ce ya san kaɗaici ba daɗi, amma a riƙa jin kunya.

Satumba ta zo. Maƙabartar tana bayan wani ƙaramin coci a kan tudu, iska na kaɗa busasshiyar ciyawa. Delbert ya zo da kwat ɗinsa na aure, rungume da gwangwani. Fasto ya gama addu'a, Opal ta miƙo hannu ta karɓa, sai da ta ɗan rusuna.

"Kai! Yaya ta yi nauyi."

"Girkinki ta ci a watannin ƙarshe."

Ta sa farce ta ɓalle murfin. Delbert ya rufe ido yana jiran tashin duniya. Ya ji ta ja hanci sau biyu.

"Ku ji fa," ta ce. "Har tokarta warin kogin nan take yi. Ta yi baƙi ƙirin. Ka ga abin da ka mai da ita, Delbert? Ka gani?"

Ya buɗe ido. Opal ta kai hannu bayan wuyanta tana kwance sarƙa. Merle na gefe yana kallon takalmansa, kamar wanda aka yi wa fashi da yardarsa.

"Ni da Merle mun yi shawara. Baiwar Allah nan ta ƙare rayuwarta a kan ganga tana shaƙar hayaƙi, tana gadin mutumin da bai taɓa fito mata da abin da za ta rataya ba. To ga shi, Yaya. Mijin wata ne ya samo, amma naki ne."

Ta saki curin cikin yashi, ta danna shi da yatsa, ta rufe.

Delbert ya buɗe baki, mutane suka juyo, fasto ma ya gyara tsayuwa. Amma maganar da ke bakinsa ba ta fita ita kaɗai. In ta fito sai ta janyo gwangwani da kujera da kifaye. Sai ya ji kansa yana cewa, "Da kin cire sarƙar. Tsatsa za ta yi."

Opal ta dube shi sama da ƙasa, ta tofar da yawu a ciyawa, ta juya. Ba ta sake yi masa magana ba har ta bi yayarta. Bai samu ya ce mata, "Na gode, Opal, kin dawo mini da ita," ba.