Baƙin Mai Don Tsohuwar Mota

Wani tsoho mai suna Don Evaristo da jikarsa Yulieth suna da tsohuwar motar da ke tsallake dutse da buhunan kofinsu zuwa kasuwa. Littafin motar ya daɗe da ɓacewa, idon tsohon kuma ya yi rauni, don haka ita ke karanta masa rubutun jikin galan ɗin man mota.

A shagon Doña Fabiola, Yulieth ta zaɓo baƙin mai a galan mai sheƙi. "Kaka, ga na zamani."

Ya ɗiga kaɗan a yatsa ya murza. "Haba 'yar nan, wannan ai ruwa ne! Injinmu ya girmi uwarki, cikinsa duk ya saki. Tsinkakken mai zurarewa zai yi ya ƙone, mu maƙale a hawa da kofin shekara guda."

"To jan nan fa, na giya?"

"Na motar da ke canja giya da kanta ne. Tamu sai da hannu."

Fabiola ta miƙo musu galan biyu na baƙin mai mai kauri tana dariya. "Tsoho ya san tsohuwarsa!"

Motar ta haye dutsen ba ko hayaƙi. Yulieth ta gane cewa shekarun mota ake fara dubawa kafin a zaɓa mata mai.