Ministan da Ya Ƙi Miƙa Hannu

A gidansu Auta ake ce masa, ko bayan ya zama ministan harkokin waje. Yayarsa ce ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ita ma'aikaciyar jinya ce, ta tsufa a sashen wankin ƙoda na babban asibiti.

A talabijin ɗin sashen ta ga abin da ya yi. Taron ƙasashe ake, ministan ƙasar tsallaken kogi ya miƙo masa hannu, Auta ya zura nasa a aljihu ya juya masa ƙeya. Da 'yan jarida suka tare shi, sai ya ce shi ba ya gaisawa da jikokin waɗanda suka yi wa kakanninsa dako.

Majinyatan da ke kwance jikin injuna suka ɗauki sowa. Wani tsoho da kowa ke kira Baba Direba har da cewa yau ƙasa ta sami namiji. Yaya ta ci gaba da duba injunan. Gaskiya ne mutanen tsallake sun sha kashi a yaƙi tun zamanin iyaye, sun daɗe suna shigowa neman aikin ƙarfi. Amma bara ba bana ba ce. Yanzu sun miƙe, sun gina masana'antu, suna ƙera makamai, kuma matatar jini da ruwan maganin da take sa wa injunan nan duk daga wurinsu ake sayowa.

Tafi ya yi wa Auta daɗi. Ya kori jakadansu, ya matsa aka kai sojoji bakin gadar da ta haɗa ƙasashen biyu, kullum yana rediyo yana cika baki. Mutanen tsallake ba su biye masa ba. Gadar kawai suka rufe, suka jera sababbin tankokin yaƙi a gaɓarsu, suka yanke wutar lantarkin da suke turowa.

Kafin wata ya zagayo kayan sashen sun ƙare. Aka koma wanke matatar da ya kamata a jefar ana sake amfani da ita, aka rage wa kowa lokacin wanki. Ƙafafu suka kumbura, ɗakin ya cika da zarni da amai. Baba Direba, wanda idanunsa suka kusa rufewa don kumburi, ya roƙi Yaya ta je ta yi wa ƙaninta magana, tunda ciki ɗaya suka fito.

Ta same shi a falo, janareta na ruri, sanyin na'ura har yana ratsa ƙashi. Tela na durƙushe yana gwada masa kaki irin na soja, shi da ko faretin makaranta bai taɓa yi ba. 'Yan koren da suka kewaye shi suna rantsuwa cewa da abokan gaba sun gan shi a haka za su watse.

Ta gaya masa halin da ake ciki, ba ta rage komai ba. Ya saurara yana duba kafaɗarsa a madubi. Ya ce kowace ƙasa sai ta sha wuya kafin a ji tsoronta, kuma mutanen can barazana ce kawai, sun kusa durƙusawa.

Yana cikin magana matarsa ta sauko, ana jan akwatuna a bayanta. Ta gaida Yaya, ta ce mahaifiyarta za ta kai a duba mata zuciya. Sai dai tafiyar da wahala, don sai sun zaga ta wata ƙasa kafin su shiga tsallake, ai likitocin can ba su da na biyu. Tela ya sunkuyar da kai yana neman allurar da ba ta faɗi ba.

"Auta," in ji Yaya, "ni na share maka majina. Ban san mai sayar da ran mutane don a tafa masa na raina ba."

"Yaya, siyasa ce, ba za ki gane ba."

Ya sa direbansa ya mayar da ita. Ta wuce motar, ta taka har bakin titi.

Baba Direba bai ga buɗe gadar ba, ya rasu shi da wata malamar makaranta mai goyo. Da tura ta kai bango, shugaban ƙasa ya aika tawaga a asirce. Aka sallama wa mutanen tsallake tsibirin tsakiyar kogi da masuntan da ke kansa, rediyo ta kira abin nasarar diflomasiyya. Aka yi wa majalisar ministoci garambawul, aka ba Auta ma'aikatar lafiya.

Ranar da zai kawo ziyara asibiti, aka shafe bango da farin fenti, aka ɓoye katifun da suka ruɓe a bayan ɗakin wanki. Shugaban asibiti ya zo da kansa ya ce Yaya ce za ta miƙa wa minista fure, tunda jininta ne.

"Ranka ya daɗe, ina da mai amai," ta ce.

Ta ɗauki tasa ta koma gado na ƙarshe, ta tallafo kan majinyacin. A waje 'yan badujala suka fara busa.