Ranar da Farashin Tumatir Ya Hau Tsamiya

Daren jiya wani irin mafarki na yi. Ga ni a ajin da nake koyar da tattalin arziki a sakandare, sai dai ajin ba rufi, kuma kujeru ne ke zaune a kan ɗalibai. Ban ga wani abin mamaki a nan ba. Na ɗauki alli zan yi rubutu, allin ya ce yau yana azumi.

Sai ga sufeto ta shigo. Zabuwa ce, da tabarau, ga jaka rataye a fiffike.

Ta ce, "Malama Ladidi, shekara nawa kina koyar da yaran nan?"

"Tara, ranki ya daɗe."

"To hadda suke yi, ba su gane komai ba. Farashin tumatir ya hau bishiya tun safe. In ba su sauko da shi kafin a kaɗa ƙararrawa ba, za mu cire darasinki mu sa darasin hamma."

Na san malamin hamma, ya daɗe yana harin lokacina.

Kawai sai ga mu a kasuwa, ni da ajin duka. Farashi na can saman tsamiya, wani ɗan gajeren mutum mai jar hula, yana kaɗa ƙafa. A gindin bishiyar tumatir ɗaya tak ke cikin faranti, mai shi na yi masa fifita. Duk matar da ta iso da kwando, sai Farashi ya ƙara hawa reshe guda.

Barau, wanda kullum ke zuwa na ɗaya, ya gyara kwala ya karanto wa bishiyar shafi biyu da ka, da Turanci. Farashi ya tafa masa, ya ƙara sama. Ni kuma na haɗa shi da girman iyayensa.

Farashi ya ce, "Malama, ni ba na jin Turanci, ba na jin magiya."

Sai Dije ta matso. Ita ce mai zama can baya, wadda ke sayar da awara lokacin hutun tara, ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba.

"Malama, ranar da mu biyar muka kawo awara, sai na sassauta take ƙarewa. Ranar da ni kaɗai ce kuwa, ko gyara ba na yi."

Ta sa yatsu a baki ta yi fito. Tumatir suka ɓullo daga fadama a jere, suna tafe suna gaisawa da mutane. Farashi ya soma saukowa reshe-reshe. Ya taka ƙasa bai tsaya ba, ya ci gaba da nutsewa har sai jar hular kaɗai ake gani.

Wani tsohon manomi, Baba Jatau, ya zauna a kan kwando ya fashe da kuka, hawayen suna hawa goshi.

"'Ya'yan nan, wata uku ina ban ruwa! Kyauta zan bayar?"

Ɗalibai suka kaure da gardama, ba wanda ya waiwaye ni. Barau ya jefar da littafi ya ce a yanka rabi a shanya, a ajiye sai lokacin da zai yi wuya. Aka shanya su a kan wani gajimare da ke wucewa. Farashi ya fito daga rami, ya karkaɗe riga, ya tsaya daidai kafaɗar mutane. Matan suka cika kwanduna, Baba Jatau ya goge goshi.

Zabuwa ta leƙo Dije ta saman tabarau. "Ke a wane littafi kika karanta wannan?"

"A bakin kasko, ranki ya daɗe."

Ta buga mini hatimi a tafin hannu, ta ce darasina ya tsira. Kunya ta rufe ni, don sha biyu cikin ɗari na ba Dije a jarrabawar da ta wuce. Na buɗe baki zan ba ta haƙuri, sai ƙararrawa ta kama tari, ta yi ta yi ba ƙaƙƙautawa.

Na buɗe ido. Ashe maƙwabcina ne ke ta bugun babur ɗinsa, ya ƙi tashi.