Mutumin da ke Gefen Hoto

"Ba haƙuri na ce ki ba ni ba," in ji Renita. "Cewa na yi ki sauke shi."

Yarinyar da ke bayan teburin sayar da tikiti ta waiga ta dubi ƙofar ofis, wadda ke kulle, kamar wani zai fito ya cece ta. Ba ta fi shekara ashirin ba, fuskarta duk rana ta ƙona ta, an maƙala sunanta a ƙirjin riga: Bethany.

"Madam, da kusoshi aka ɗaure shi a bango. Manaja ne kawai ke da abin kwancewa, kuma yau Asabar."

"Kira shi."

"Na kira, bai ɗaga ba. Yana wurin wasan ƙwallon ɗansa."

"Sake kira."

Renita ba hoto ta shigo kallo ba. Ta bar iyalinta ne a waje, a filin da aka kakkafa tsofaffin rokoki suna nuna sama, ta shigo gidan tarihin ta duba ko keken guragun da ake tura mahaifiyarta a ciki zai iya wucewa ta ƙofofin, da kuma inda ban ɗaki yake. Ta ratsa ɗakin farko mai rigunan 'yan sama jannati, ta shiga na biyu, sai ƙafafunta suka tsaya cak. A bango akwai ƙaton hoto baƙi da fari: Turawa cikin gajerun wanduna sun yi layi a bayan wani lanƙwasasshen ƙarfe da ya faɗo daga sama, suna dariya. A can gefe, rabin kafaɗarsa ma a wajen hoton, ga wani saurayi siriri riƙe da linzamin doki. Ko cikin duhu za ta gane wannan tsayuwar, ƙafa ɗaya a karkace.

Mahaifinta ne. A farkon sanyin bana suka binne shi.

Tun daga ranar ba wanda ya sake furta sunansa, don a al'adarsu ba a kiran sunan mamaci, ba a kallon hotonsa, sai an daɗe. Ita da kanta ta bi gidan ta tattara hotunansa ta zuba a kwali, kawunta ya tafi da shi, ta goge na cikin wayarta tana kuka. Ɗan maƙwabta mai irin sunan, yanzu Kunmanara kowa ke kiransa, laƙabin da ake ba duk mai sunan mamaci, har malamansu na makaranta. Mahaifiyarta, Yuminiya, ta koma zaman barandar gida, ba ta zuwa ko coci. Shi ya sa Renita ta yi mamaki da tsohuwar ta ce ita ma za ta bi su gidan tarihin rokoki, wai don ta ga abin da ke hana jikarta Kiara barci. Tun asuba ta sa rigarta mai furanni shuɗi ta zauna jiran mota. Renita ta yi murna har ta gasa wutsiyar kangaru ta naɗe musu ta hanya. Ga shi yanzu ta yi doguwar tafiya daga Port Augusta don ta turo uwarta har gaban fuskar mamaci.

"Akwai sanarwa a bakin ƙofa," Bethany ta faɗa a hankali. "An rubuta cewa za a iya ganin hotunan waɗanda suka rasu."

"Ina take?"

Yarinyar ta nuna. Sai da Renita ta ture marataya ta huluna da 'yan kunne masu siffar tauraro sannan ta ga takardar, ƙarama kamar tafin hannu, rana ta cinye rubutun.

"Wannan? Wa kuka rubuta wa, ƙudaje?"

Wayarta ta yi ƙara. Mijinta ne, Clifton.

"Ke, me kike yi ne a ciki? Mun kusa narkewa."

"Ka riƙe su a waje. Kada Mama ta shigo."

"In riƙe ta da me? Kin san surukata ce, al'ada ta hana in yi mata magana. Ko so kike in fara yau, a tsine mini?"

"Ka saya musu askirim."

"Sun sha. Ni ma na sha biyu. Kiara ta ce kakarta ta ce ita ba ƙarfe ta zo kallo a rana ba. Lafiya dai?"

"Tsoho yana ciki. A bango."

Ta ji iska tana kaɗa wayar, ta ji muryar Kiara daga nesa tana karanta wa kakarta tsawon wata roka.

"Kai," in ji Clifton. "To, bari in ce taya ta sace."

"Tayar mota ko ta keken?"

"Duk wadda ta samu."

Renita ta koma ɗaki na biyu, Bethany na bin ta a baya da waya a kunne. Wannan karon ba fuskar ta kalla ba, rubutun da ke ƙasa ta karanta. Kowane Bature da sunansa da muƙaminsa, wannan injiniya, wancan kyaftin, har direban babbar mota an sa nasa. A ƙarshen layi aka rubuta: tare da wani ɗan asalin yankin. Kusa da hoton kuma ga taswira, da bayanin cewa an zaɓi yankin ne saboda fili ne fetal da babu kowa. Ta sa yatsa a kan taswirar, daidai busasshen rafin da aka haifi uwarta a bakinsa.

Tsohon ya sha ba su labari a bakin wuta, yadda ɓaraguzan roka ke faɗowa cikin daji, Turawa su yi ta yawo da mota da jirgi ba su gani ba, sai a zo a tashe shi ya nemo musu. Yana ba da labarin yana dariya. Ita ba ta taɓa ganin abin dariya a ciki ba, balle yau.

"Kin san shi ne?" Bethany ta tambaya.

"Ubana ne."

"Wayyo." Yarinyar ta sauke wayar. Sai fuskarta ta washe, kamar wadda ta tsinci mafita. "To ai sai ki faɗa mini sunansa! Wallahi zan sa a gyara rubutun. Kullum mutane suna tambaya ko wane ne."

Sunan ya taso wa Renita har kan harshe. Ta ji ɗanɗanonsa. Ta so ta kurma shi da ƙarfi har rigunan da ke cikin gilashi su girgiza, ta so a rubuta shi da manyan baƙaƙe sama da na kyaftin ɗin. Ta cije leɓe har ta ji gishirin jini.

"Yana nan da ransa, tsawon shekarun nan," ta ce. "Yana zaune a baranda, kowa ya san gidan. Babu wanda ya tako ya tambaye shi. Sai yanzu da bakina ba zai iya faɗa ba kike so in faɗa miki?"

Bethany ta yi ja har kunnuwa. "Ban sani ba. Ni aikin hutu nake yi."

"Kowa a nan bai sani ba. Nemo mini abin da zan rufe shi."

Yarinyar ta fita da gudu. Renita ta fizgo wata babbar takarda mai hoton wata daga kan tebur, ta ɗora a kan gilashin, amma babu abin liƙawa, tana saki ta zame ƙasa. Wani dattijo ɗan yawon buɗe ido, da kyamara a kan tumbinsa, ya matso yana leƙe.

"Baiwar Allah, ɗan matsa mana, kin tare hoton."

"Na tare."

"Ai mun biya kuɗin shiga."

"Je ka kalli roka. Ga su can birjik, ba wadda ta mutu a cikinsu."

Matarsa ta ja shi suka wuce, yana gunaguni. Renita ta juya ta jingina bayanta da gilashin, daidai gefen da saurayin yake, ta buɗe kafaɗu. Ba ta da faɗi sosai, amma shi ma siriri ne a lokacin.

Sai ta ji kukan tayar keken, wannan ƙiiƙii ɗin da Clifton ya yi ta alkawarin zai sa wa mai. Kiara ce ke turowa, ta sunkuyar da kai tana nishi. Clifton ya tsaya can bakin ƙofa, ya ɗaga hannuwa biyu alamar ya yi iya ƙoƙarinsa, sannan ya mai da idonsa kan wani injin da ke nesa da surukarsa.

"Umma, Baba ya ce taya ta sace, amma Kaka ta ce ƙarya yake yi," in ji Kiara.

"Fitar da ita. Yanzu."

"Tsaya nan, 'yar nan," in ji Yuminiya.

Renita ta lura cewa tsohuwar ta janyo ɗankwalinta har kan gira, idonta yana kan cinyarta. Tun da ta shigo ɗakin ba ta ɗaga kai ba.

"Wane bango ne?" ta tambaya.

Renita ta ƙara manna bayanta da gilashin.

"Na ce wane bango ne? Wanda kike tsaye a jikinsa kamar an shanya ki?"

"Mama, kin sani?"

"Jikan ƙawata Maureen ya gani da makaranta ta kawo su. Kiara, juya ni, ki ba shi bayana. Matso da ni. Ƙara. Yawwa. Yanzu je ki ga rigunan can naku, kada ki waigo."

Kiara ta dubi uwarta, ta dubi kakarta, ta fita sumsum. Bayan keken ya kusa taɓa gwiwar Renita. Daga inda take tana ganin ƙeyar tsohuwar, da farin gashin da ya leƙo ta ƙasan ɗankwali.

"Kin sani," Renita ta sake faɗa, kuma duk fushin da ta tara wa manaja da kyaftin da taswira ya juyo ya sauka a kan wannan ƙeyar. "Kin bar ni ina ta hauka a nan, ina yi wa 'yar mutane ihu. Ni na kwashe hotunansa da hannuna. Ko ɗaya ban ɓoye wa kaina ba, saboda ke. Kin san sau nawa na so in je gidan Kawu in buɗe kwalin nan?"

"Da na faɗa miki, za ki kawo ni?"

"A'a!"

"To."

Na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani. A ɗakin gaba wata murya daga lasifika tana ƙirga tashin roka, ta gama, ta sake farowa.

"Ni ba zan kalla ba," in ji Yuminiya. "Amma ke idonki ya riga ya gani. Juya ki duba mini. Akwai hula a kansa?"

Renita ta ɗaga bayanta daga gilashin, ta juya. Zufarta ta bar shaida a kai, ta goge da gefen hannu.

"Akwai."

"Duba jikinta. Akwai igiya kitsattsiya a zagaye?"

Ta matsa har numfashinta ya taɓa gilashin. Hoton ya dushe, amma ga ta nan, siririya, an ɗaure ta a gefe, bakinta biyu suna reto kusa da kunnensa.

"Akwai, Mama. Har da jela biyu."

Kafaɗun tsohuwar suka motsa. Renita ta ɗauka kuka ne, sai ta ji ashe dariya ce, ƙasa-ƙasa, irin wadda ba a ji a gidan ba tun farkon sanyi.

"Ja ce. Ni na kitsa ta, tun ba a ba shi ni ba. Ya ce kullum da ita yake zuwa aiki. Na ce ƙarya yake, yana shan kwana zai cire ya sa a aljihu don kada Turawa su yi masa dariya. Har ya tsufa muna wannan musun." Ta share hanci da bakin ɗankwali. "Dubi ja'iri. Ashe gaskiya yake faɗa."

Renita ta dafa hannun keken.

Bethany ta dawo tana haki, da baƙin ƙyallen da ake shimfiɗa wa tebur da abin liƙawa a hannu. Da ta ga tsohuwar sai ta ja ta tsaya.

"In rufe?" ta tambaya, ba ta san wadda za ta kalla ba.

"Bari tukuna," in ji Yuminiya. Ta jingina kanta baya, ta lumshe ido, ta zauna haka na ɗan lokaci kamar mai shan hantsi. Sannan ta gyara zama. "To, rufe shi. Wani ya kai ni in ga dutsen nan da yarinyar ta ce daga wata aka ɗauko."

Clifton ya kira Kiara ta zo ta tura. Renita ta kama kusurwa ɗaya ta ƙyallen, Bethany ta kama ɗayar, suka ɗaga. Ƙyallen ya rufe Turawan gaba ɗaya, ya rufe doki, ya rufe hular. Rubutun ƙasa ne kawai ya rage a waje.

"Idan manaja ya zo ranar Litinin zai iya cewa a cire," Bethany ta faɗa tana danna abin liƙawar.

"Ki ba shi lambata. Ina so ya ce mini da bakinsa." Renita ta sa farce a kan kalmomin ƙarshe na rubutun. "Kuma ki gaya masa ya bar wuri a nan. Mai faɗi. Idan lokacin faɗin sunansa ya yi zan dawo."