Ɗan Kunne Ɗaya a Shagon Roksi

Tun a cikin bas ɗin da ya ɗauko su daga Abbasiya Murja da Ummanta suka fara sa-in-sa, duk a kan abin da za a rataya a wuya.

Murja 'yar Malam Rilwanu ce, mutumin Gusau da ya zo Alƙahira karatu tana goye a bayan uwarta, karatu ya ƙare, koyarwa ta riƙe shi. A nan ta yi wayo, Larabcin Masar a bakinta kamar na kowace 'yar unguwa. Bana take gama sakandare. 'Yan ajinsu sun kama zaure sun shirya bikin rabuwa, mata zalla, su suna kiransa furom, Malam kuma yana kiransa walima don ya samu hanyar amincewa. Riga kam an gama da ita: doguwa har ƙasa, koriya mai duhu, an bi wuyanta da bakin hannu da ƙananan duwatsu farare. Umma, wato Nana Fatima, ita ta ɗinka ta, ta kafa duwatsun da allura ɗaya bayan ɗaya har idanunta suka yi ja.

"Kore da gwal yake tafiya," in ji Umma. "Ga sarƙata ta aure a ajiye, ga awarwaronta. Kowa ya gan ki ya san daga gida kika fito."

"Umma, duwatsun farare ne fa. In na ɗora gwal a kai sai su yi ta faɗa da juna. Kuma sarƙar nan har ƙirji take sauka, sai ka ce uwar biki."

"Uwar bikin ce ta haife ki."

A haka suka sauka a unguwar Roksi, kowacce ta sha kunu. Shagon da ƙawayen Murja suka kwatanta mata siriri ne, madubi ta ko'ina, fitilu sun haske kayan cikin gilas. Mai shagon, wata mace mai jan baki da ake kira Madam Eman, tana nuna wa wata Bamisriya sarƙoƙi. Da ta ɗago ta gan su, sai ta rage murya ta ce da matar, "Ɗan jira ni, bari in sallami waɗannan. Irin su ba a juya musu baya."

Murja ta ji sarai. Ta dubi Umma, ta ga tana ta kallon wani awarwaro, ko a jikinta. Sai ta haɗiye, don Larabcin Umma na cefane ne, ta ɗauka maganar ta wuce ta.

Suka zaro hannun rigar daga leda suka shimfiɗa a kan gilas. Madam Eman ta fito da tiren 'yan kunne ta ajiye, hannunta ɗaya dafe da gefensa. Murja ta ɗauki wasu masu zobe ta kara a kunne, Umma ta girgiza kai. Ta ɗauki wasu ƙanana, suka ɓace a fuskarta. Can Umma, wadda ta zo da rigimar gwal, ta miƙa yatsa ta nuna wasu dogaye masu ruwan azurfa, kowane da ɗigon dutse kore a ƙasa.

"Tunda ɗaurin ɗankwali za ki yi, kunne a waje yake. Ki saka waɗannan ki bar wuya haka nan. Wuyan rigar ya riga ya cika, sarƙa kishi za ta yi da shi."

Murja ta kara ɗaya ta kalli madubi. Gaskiyar Umma ce. Ta ɗan saki fuska. Suka koma kan awarwaro, Umma tana son uku, ita tana son ɗaya siriri. Suna cikin duba wata ƙaramar jaka mai sheƙi Madam Eman ta ja tiren gabanta ta tsaya cak.

"Ina ɗayan?"

Ta nuna wani gurbi a layin sama. Ba ma daga cikin waɗanda suka taɓa ba ne. Ɗan kunne ɗaya yana nan, babu ɗan'uwansa.

"Tiren nan cike na fito da shi." Ta zagayo ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu. "Babu mai fita. Ke, samara, buɗe ledar nan."

Samara, wato baƙa. Murja ta sha jin kalmar a titi, amma ba ta taɓa jin ta da sata a haɗe ba. Ta amsa da Larabci tsaf, irin na 'yan Abbasiya, har matar ta ɗan zabura.

"Mu uku ne masu saye a shagon nan. Me ya sa ledata kawai kike gani?"

"Ki buɗe, ko in kira 'yan sanda."

"Kira su! Wallahi kira su. Ni ma ina da abin faɗa musu."

Umma ta damƙe mata wuyan hannu. Da Hausa ta ce, can ƙasa, "Murja, ba ta."

"Umma, cewa ta yi mun yi sata!"

"Na ce ki ba ta."

Da Murja ta ƙi, Umma da kanta ta fizge ledar ta miƙa. Madam Eman ta zazzage ta, ta kama rigar ta kafaɗa ta karkaɗe ta kamar mai kakkaɓe tabarma. Wuyan ya maƙale a kusurwar gilas, ta fincika. Zaren ya tsinke, duwatsu suka watse a ƙasa suna tsalle. Ba ta ko duba ba. Ta karɓi jakar hannun Umma ita ma ta juye: carbi, makullan gida, maganin hawan jini, wata tsohuwar hoda. Masu wucewa suka fara tsayawa a ƙofa suna leƙe.

Sai a lokacin Bamisriyar nan, wadda ta tsaya tana kallo tun farko, ta ɗaga jakarta daga kan kantar madubi ta ce a hankali, "Ko wannan ne? Ɗazu na gwada shi."

Ɗan kunnen yana nan kwance a ƙarƙashin jakarta.

Madam Eman ta yi wata 'yar dariya. "To, alhamdu lillahi. Ma'alish, ku yi haƙuri, kun san zamanin. Khalas, shi ke nan, zan yi muku ragi."

Murja ta buɗe baki za ta mayar mata da martani. Abin da ta gani ne ya tsayar da ita. Umma ta durƙusa a ƙasan shagon, mace mai ciwon gwiwa, tana tsince duwatsu daga tsakanin takalman mutane tana tarawa a tafin hannu. Da ta gama ta miƙe, ta mayar da kayanta jaka, ta ninke rigar, ta ce da mai shagon, "Ma'alish." Har da ɗan sunkuyar da kai.

Ba su kai tashar bas ba Murja ta fashe.

"Ke kika ba ta haƙuri! Ita ta ci mana mutunci, ta yaga miki aiki, ke kika ce ma'alish! A gaban mutane kika durƙusa, Umma!"

"Rage murya, kan titi muke."

"Ba zan rage ba. Kullum mu rage murya. A bas mu rage, a makaranta mu rage. Har yaushe? A garin nan na tashi, ban san wani gari ba!"

Umma ta hau bas ta zauna. Har suka isa gida idonta yana kan taga. Murja ta shige ɗaki ta buga ƙofa, ta ƙi cin abincin rana, ta aika wa ƙawarta Samah saƙo cewa kada a sa ran ganinta a biki. Ba kuka take yi ba, da ma kukan ne da ta samu sauƙi. Kwance take tana maimaita abin da ya faru, tana tsara maganganun da ya kamata ta faɗa. Kuma duk juyin da ta yi, ba fuskar Madam Eman take gani ba, bayan Umma take gani a sunkuye.

Washegari da hantsi, bayan Malam ya fita, Umma ta turo ƙofar. Ta sha atamfarta ta zuwa unguwa da babban mayafi.

"Tashi ki shirya. Roksi za mu koma."

"Ni na koma shagon nan? Allah ya kiyaye."

"Ba shawara nake nema ba."

Sai da bas ya ɗau hanya Umma ta yi magana, ba tare da ta dube ta ba.

"Fasfo ɗinmu duka suna ofis, ana sabunta iƙama, takardar zamanmu a ƙasar nan. Da ta kira 'yan sanda jiya suka tafi da ke, da wace takarda zan je in karɓo ki? Kina ihu, su kuma cewa za su yi mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Sai da aka ga abin a hannun wata muka zama mutane." Ta gyara mayafi. "Kuma na ji abin da ta faɗa tun shigarmu. Duk shekarun nan ina cefane a garin nan, kina zaton kurma ce ni?"

"To me ya sa ba mu fita ba?"

"Ke kika ce a nan ƙawayenki suka saya."

Murja ta sunkuyar da kai.

Shagon ya fi jiya cika. Madam Eman ta gan su ta washe baki, a zatonta ragin ne ya dawo da su. Umma ta tsaya a tsakiyar shagon ta ce da Murja, "Larabcina ba zai ɗauki abin da ke bakina ba. Ki fassara mata. Kar ki rage, kar ki ƙara."

Ta juya ta fuskanci matar, ta ɗaga murya da Hausa.

"Ce mata sunana Nana Fatima. Wannan 'yata ce, sunanta Murja, ubanta ya yanka mata rago. Ba samara ba."

Murja ta faɗa. Matan da ke shagon suka waiwayo.

"Ce mata jiya ta tare ƙofa ta kira mu ɓarayi, ta zazzage jakata, ta yaga rigar da na ɗinka da hannuna. Abin kuma yana ƙarƙashin jakar wata, wadda ba a ce ta buɗe komai ba."

Madam Eman ta ɗaga hannu. "Ya Hajja, khalas mana, ai na ce ma'alish."

"Ce mata ma'alish ta wanda ya taka maka ƙafa a bas ce. A gaban mutane ta ɗora mana sata, a gaban mutane nake so ta sauke."

Da Murja ta fassara wannan, sai ta ɗora nata a kai, kalmomi biyu masu zafi da ta kwana da su. Umma ta kama hannunta.

"Ban faɗi wannan ba. Janye."

Murja ta janye, tana huci.

Wata dattijuwa mai tabarau ta ajiye sarƙar da ke hannunta ta ce da Madam Eman, "Haka aka yi?" Matar ta fara kame-kame, wai an sha yi mata sata, wai ba da wata manufa ba. Dattijuwar ta ci gaba da kallonta. Daga ƙarshe Madam Eman ta sunkuyar da kai ta ce, da ƙyar ake ji, ba su ɗauki komai ba, ita ce ta yi kuskure. Ta ciro dogayen 'yan kunnen nan masu dutse kore ta tura gabansu, wai kyauta.

Murja tana son 'yan kunnen nan har ranta. Ta dube su sau ɗaya ta ce, ba tare da ta jira Umma ba, "Riƙe kayanki."

Daga nan unguwar Darrasa suka nufa, lungun masu azurfa da ke bayan masallaci. A wani ɗan shago aka zube musu kaya a kan ƙyalle. Umma tana ta ɗagawa tana ajiyewa, can ta waiwaya.

"Ke ba za ki gwada ba ne?"

Sai Murja ta ankara: tun shigarsu hannayenta suna harɗe a baya, ta tsaya nesa da kanta, ledarta a buɗe yadda kowa zai ga cikinta. Babu wanda ya ce ta yi hakan. Wani sabon ɓacin rai ya taso mata, ya fi na jiya ɗaci. Ta matso da ƙarfi, ta sa hannu biyu cikin kayan, ta gwada wannan ta gwada wancan, har da waɗanda ta san ba za ta saya ba.

Sun tashi da 'yan kunne masu siffar ganye, ba su kai na Roksi kyau ba, da awarwaro biyu, don Umma ta sauko daga uku ita kuma ta hau daga ɗaya. Jaka kuwa Samah ce ta ara mata. Duwatsun da aka tsinto ba su cika ba, sai Umma ta kwance na bakin hannu ta cike wuyan da su.

Ranar biki Murja ta je. Ta ci, ta yi rawa, an yi hotuna. Suna zaune a tebur wata 'yar ajinsu mai suna Lina ta taɓa mata kunne ta ce, "Ba a Roksi kika saya ba? Ai matar nan tana da kirki."

Samah ta ɗan taka mata ƙafa, alamar ta bar zancen, yau ranar farin ciki ce. Murja ta janye ƙafarta, ta ajiye cokali, ta juyar da kujerarta ta fuskance su.

"Ke ta yi wa kirki," ta ce. "Ku matso ku ji abin da ta yi mana ni da uwata."

Ta ba su labarin tun daga farko, kuma ba ta rage murya ba.