Akori-Kurar Malam Kabo

Ran da aka yi rabon gadon Malam Kabo a Kademi, an raba gona, an raba awaki, har tukwane sai da aka raba. Amma ba wanda ya kalli tsohuwar Fijo akori-kura da ke jibge bayan rumbu, kaji na ƙwai a cikinta. Malamin rabo ya ce a yi mata kuɗi, magada suka bushe da dariya, wai wa zai sayi gwangwan. Nan Badaru, babban ɗan mamacin, ya tafka wauta: ya ɗauki motar da niyyar gyarawa, bai fanshi rabon kowa ba, bai kuma kafa shaidu ba.

Shekara goma sha ɗaya yana fama da ita. Inji ya cinye masa bijimai biyu. Giyar motar ta lashe gyaɗar damina uku. Ya yi ta sintiri zuwa Kano neman fitila da gilashi, har direbobin Ajingi suka haddace fuskarsa. Matarsa Barira ta yi mita har ta gaji. Shi kuwa son motar nan yake kamar ransa, don a cikinta ubansa ya koya masa tuƙi. Ran da ta tashi, ƙato da gemu ya kifa kai a sitiyari yana kuka.

Kwana uku da tashinta, da hantsi, sai ga ƙaninsa Hafizu da wani dillalin tsofaffin motoci.

"Yaya, ga mai saye," in ji Hafizu. "A sayar a raba, ai ta Baba ce."

"Ta Baba? Kana gidan uban wa lokacin da kaji ke kashi a cikinta?"

"Ko ina nake, ba a raba ta ba. Je ka tambayi malamai."

Abin takaicin, gaskiya ya faɗa, kuma Badaru ya sani. Shi ya ƙara tunzura shi. Hafizu ya zura hannu ya zare mukulli, Badaru ya ci kwalarsa ya maka shi da ƙasa. Suka yi ta birgima, naushi ta ko'ina, har haƙorin Badaru ya fita. Hafizu ya kufce, ya rarumi dutse ya dankara wa gilashin gaba, ya tarwatse.

Idon Badaru ya rufe. Sifanar kwance taya ce kusa da hannunsa. Sau ɗaya ya sauke masa ita a ƙeya. Hafizu ya zube, jini na malala ta kunne. Dillali ya ranta a na kare, Barira ta ɗora hannu a ka tana salati.

Ba wata mota a kusa. Badaru ya kinkimi ƙaninsa ya shimfiɗe a baya, Barira ta tallafe kan, ya taka wuta sai Gaya. Motar ba ta ko yi tari ba, ta kai su ƙofar asibiti lafiya lau. Likita ya duba, ya ja mayafi ya rufe fuskar Hafizu.

Badaru ya fito riga jina-jina, ya tarar mutane sun kewaye motar suna shafa fentinta. Wani dattijo ya ce, "Malam, wannan ta sayarwa ce?"

Badaru ya daɗe yana kallonta.

"Ba tawa ba ce," ya ce, ya zauna a ƙasa yana jiran 'yan sanda.